Hazon hunturu da hazon marka: abu ɗaya ne, ko suna ne kawai ya haɗa su?

Ɗan_Fadama: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambaya ce gare ni ga masana yanayi. A makaranta ana koyar da cewa hazo gajimare ne da ya sauko ƙasa. To in ruwa ne, me ya sa hazon hunturu ke fasa leɓe, ya sa kaushi, ya busar da shanya cikin awa ɗaya, alhali hazon da ake yi a Jos ko Gembu da damina jiƙa riga yake yi? A taimaka da bayani dalla-dalla.

MalamNaYanayi: Wa alaikumus salam. Tambayar ta yi kyau, kuma laifin na kalma ne. Abu biyu kishiyoyin juna muke kira hazo. Na farko ɗigon ruwa ne ƙanana ƙwarai da ke rataye a iska dab da ƙasa. Shi ne na Jos da Gembu, kuma shi littafin makaranta ke nufi. Na biyu ƙura ce busasshiya, ba ruwanta da ruwa.

Ma'aikatan yanayi ba sa haɗa su. A rahoton da ake bai wa matuƙa jirgi, in ɗigon ruwa ya rage nisan gani ƙasa da mita 1,000 ana rubuta FG. In ana gani tsakanin mita 1,000 da 5,000 amma dai ruwa ne, BR. Busasshen hazo kuwa HZ, ƙurar da ta game gari DU.

Yadda na ruwa ke haɗuwa: iska kullum tana ɗauke da tururin ruwa wanda ido ba ya gani, kuma iyakar abin da za ta ɗauka ya danganta da zafinta. A digiri 30, akwatin iska mai mita ɗaya ta kowace fuska zai ɗauki kusan giram 30. A digiri 20, giram 17. A digiri 10, giram 9 da ɗan kai. Ɗauki iskar yamma mai digiri 28 da ke ɗauke da giram 17. Muddin tana da ɗumi, ba abin da za ka gani. Dare ya yi, ta huce zuwa 20, ta ƙoshi. Ta ƙara sauka zuwa 19, sai rarar ta fito a matsayin ɗigo. Wannan digiri 20 ɗin shi muke kira matakin raɓa, kuma duk maganar hazo a kansa take.

Ummu_Sadiya: Malam, Allah ya ƙara basira. To amma ai a Kano ma ana yin sanyi sosai a Janairu, ya fi na Agusta nesa ba kusa ba. Me ya hana hazon ruwa a lokacin?

MalamNaYanayi: Hajiya, ba sanyi kaɗai ake nema ba, sai sanyin ya kai matakin raɓa. Da rana tsaka a hunturu, zafi 30, danshin iska kashi 15 cikin ɗari, matakin raɓa yana wajen digiri 1. Daren Kano kuwa yakan tsaya a 12 ko 13. Tazarar ta yi nisa, ko raɓa ba ta samuwa balle hazo. A marka kuwa matakin raɓa yana kusa da 21 ko 22, kuma dare na saukowa daidai wajen. Sanyin bai kai na hunturu ba, amma ya isa.

Bazazzagi77: A taƙaice dai gajimare ne ya yi nauyi ya faɗo.

Tsohon_Hasumiya: A'a ɗan'uwa, nan ne ake kuskure. Kayan haɗinsu ɗaya ne, amma hazon da ake wayar gari da shi a fadama ba daga sama ya zo ba, a nan ƙasa aka haife shi. Bayan faɗuwar rana ƙasa tana sakin zafin da ta sha. Ita ke fara hucewa, sannan ta sanyaya iskar da ke taɓa ta. Shi ya sa yake farawa kamar farin zani a kan ciyawa, iya gwiwa, kafin ya yi kauri.

Sharuɗɗansa huɗu, kuma in ɗaya ya ɓaci ba a samu. Sama ta zama garau, don gajimare bargo ne, yana mayar wa ƙasa zafinta. Ƙasa ta kasance jiƙe, misali an yi ruwa da la'asar sannan gari ya washe. Dare ya ba da isasshen lokaci. Na huɗun shi mutane ba su sani ba: sai da 'yar iska, kamar kilomita 4 zuwa 9 a awa. In iska ta tsaya cik, danshin duk a kan ganye yake sauka, sai a tashi da raɓa mai yawa amma sarari fes. In ta yi ƙarfi, sai ta gauraya iskar ƙasa mai sanyi da ta sama mai ɗumi da bushewa, hazon ya ƙi kamawa, ko ya ɗaga ya zama gajimare mara tsayi.

Abin da ya sa kwari da fadama suka fi kamawa: iska mai sanyi ta fi nauyi, tana gangarowa cikin dare kamar ruwa ta taru a inda ya fi zurfi. Kuma mafi kauri yakan kasance daga asuba zuwa jim kaɗan bayan fitowar rana.

Ɗan_Fadama: Ranka ya daɗe, to in ruwa ne me ya hana shi faɗuwa?

Tsohon_Hasumiya: Yana faɗuwa, a hankali ne. Faɗin ɗigon hazo kamar kashi ɗaya cikin ɗari na milimita ne, silin gashi ya ninka shi kauri sau da yawa. Saukarsa ba ta kai santimita ɗaya a daƙiƙa, motsin iska kaɗan ya isa ya riƙe shi. Sai an haɗa irinsa kusan miliyan kafin a sami ɗigon ruwan sama guda mai faɗin milimita ɗaya. Kuma ruwan da ke cikin hazo bai taka kara ya karya ba, yawanci bai kai rabin giram ba a wancan akwatin mita ɗayan. Yawan ƙwayoyin ne ke watsa haske ta ko'ina har a kasa gani.

BaDamagare: Mu a nan in aka ce hazo, na ƙura ake nufi, kuma dattawa na cewa buda. Asalinsa ma sananne ne. Akwai wani kwari a arewacin Chadi, Bodele, kusa da Faya-Largeau, inda tsohon babban tafkin Chadi ya ƙafe ya bar farar ƙasa mai laushi kamar gari, ragowar ƙananan halittun ruwa. Iskar arewa maso gabas tana matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi, ta fito da ƙarfi ta kwashe garin. Daga can zuwa Kano ya haura kilomita 1,000, ƙurar kan iso cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Shi ya sa NiMet, hukumar kula da yanayi ta Najeriya, ke iya yin gargaɗi tun kafin ta zo: ana ganin tashinta a hoton tauraron ɗan'adam.

Malama_Kimiyya: Ga hanyar bambance su ba tare da na'ura ba. A duba gilashin motar da ta kwana a waje: jiƙe ne ko gari ne a kai? A duba rana: cikin hazon ruwa takan ɓace ko ta fito fara fat, a hazon ƙura kuwa tana nan kamar faifai mai dishi-dishi, ja-ja da safe da yamma. Sai kuma a jira ƙarfe tara ko goma. Na ruwa ya watse, na ƙura ko gezau, yakan yi kwana uku ko fiye.

Bazazzagi77: Na karɓi gyara. Amma da hantsi ai ana ganinsa yana tashi sama, wannan fa?

Tsohon_Hasumiya: Ido ne ke ganin haka. Rana tana ɗumama ƙasa, ƙasa ta ɗumama iskar da ke kanta, ɗigon da ke ƙasa-ƙasa ya koma tururi. Wato daga ƙasa ake cinye shi zuwa sama, da kuma ta gefe-gefe inda ya fi siranta. Abin da ya rage a sama shi kake gani kamar ya ɗaga.

Mambilla_Boy: Yallaɓai, bayaninka bai kama na Mambilla ba. Can hazo na rufe hanya da rana tsaka, ga iska na kaɗawa. Ina maganar sama garau da iska kaɗan?

MalamNaYanayi: Gaskiyarka, wannan wani iri ne, kuma a nan maganar @Bazazzagi77 ta ɗan yi kusa da daidai. Iskar damina mai danshi tana tahowa daga kudu maso yamma, ta ci karo da tsauni, dole ta hau. Tana hawa tana buɗewa saboda nauyin iskar da ke kanta na raguwa, buɗewar ke sanyaya ta, kusan digiri 1 a kowace mita 100. Akwai lissafi mai sauƙi: tazarar da ke tsakanin zafin iska da matakin raɓa, a ninka da mita 125. In a gindin dutse zafi 26 ne, matakin raɓa 20, tazara 6, to a tsayin mita 750 gajimare zai fara. Tudun Mambilla ya haura mita 1,500, Jos tana wajen 1,200. Wanda ke ƙasa zai ce gajimare ya rufe dutse, wanda ke kan dutsen zai ce hazo ne, kuma duk sun yi gaskiya. Irin wannan hazon, iska ce ke ciyar da shi, don haka ƙarfinta ba ya kore shi.

Injiniya_Ruwa: A ƙara da na uku, wanda ya fi kowanne taurin kai: iska mai ɗumi da danshi ta ratsa ta kan ruwan teku mai sanyi. Na San Faransisko a Amurka kenan, da na gaɓar Namibiya inda igiyar Benguela ke kawo ruwan sanyi daga kudu. Wajen Grand Banks a gabashin Kanada, inda ruwan Labrador mai sanyi ke haɗuwa da ruwan ɗumi daga kudu, ana yin hazo kwana 200 ko fiye a shekara. A kan teku rana ba ta cika iya masa komai ba, sai iska ta juya.

Akwai kuma kishiyarsa, wanda masunta suka sani: ruwa ɗumi, iska sanyi. Da asubar hunturu a kan dam kamar Tiga ko Kainji za a ga ruwa na hayaƙi kamar tukunya. Ruwan yana sakin tururi cikin iskar da ba za ta iya ɗauka ba. Ba ya yin tsayi, kuma da ya bar kan ruwa busasshiyar iska ta shanye shi. Hayaƙin baki da safe ma haka yake.

Ummu_Sadiya: Ashe kenan a hunturu ma ana iya samun na ruwa.

Malama_Kimiyya: Ƙwarai, Yaya. A kudu ma lokacinsa ne. A Disamba da Janairu busasshiyar iska tana wucewa ta sama ta share gajimare, amma a ƙasa danshin teku da na daji na nan. Sama garau, ƙasa da laima, sai a wayi gari da hazo mai kauri a hanyoyin Legas, Ibadan da Benin. Sau da yawa gauraye yake da ƙura.

Ga gwaji ga masu koyar da yara. A sami kwalbar gilashi mai faɗin baki. A zuba ruwan ɗumi iya yatsa biyu, a jujjuya don jikin kwalbar ya yi ɗumi. A kunna ashana, a hure, a jefa ta ciki da hayaƙinta. Nan take a rufe bakin da leda ko murfin kwano mai ɗauke da ƙanƙara. Cikin daƙiƙa talatin za a ga farin abu na juyawa. A haska tocila ta gefe, a sa baƙin ƙyalle a baya. Inda ake samun matsala: in ruwan tafasasshe ne, gilashin zai yi gumi ya rufe komai, ko ma ya fashe. In ba a ɗumama jikin kwalbar ba, ruwan a jikinta zai taru maimakon cikin iska. A sake yi ba ashana, za a ga bai yi ko rabin na farko ba, domin tururi na bukatar abin da zai kama ya zama ɗigo: hayaƙi, gishirin teku ko ƙura.

BaDamagare: To kun gani, ƙurarmu ma da hannunta a ciki.

MalamNaYanayi: Da sauƙi dai, Malam. Iskar duniya ba ta taɓa rasa irin waɗannan ƙwayoyin ba. Abin da ke ƙaranci a hunturu ruwa ne. Ƙari ma, ƙura mai kauri tana ɗan riƙe zafin ƙasa da dare kamar gajimare.

Tsohon_Hasumiya: Amma hayaƙi na ƙara wa hazo kauri da daɗewa, wannan ba gardama. Yawan ƙwayoyi yana raba ruwan zuwa ɗigo da yawa ƙanana, su kuma sun fi tare haske. Misalin da kowa ke kawowa Landan ce, daga 5 zuwa 9 ga Disamba 1952. Iska mai ɗumi ta yi wa mai sanyi murfi, hayaƙin kwal ya rasa hanyar fita, ya haɗu da hazo. Ƙidayar farko ta ce mutum 4,000 suka mutu, binciken baya ya kai adadin wajen 12,000. Shi ya haifar da dokar tsaftace iska ta 1956. Wannan murfin shi ne ke sa hayaƙin murhu da na bola ya kwanta a kan unguwa da asubar sanyi maimakon ya miƙe sama.

Direban_Tirela: Malamai a bar mu mu ma mu sa baki, don mu abin ke ci. Kuskure na farko sa ful. Hasken na dukan ɗigon ya dawo maka ido, ka ga farin bango. Dim ake sawa, da fitilun ƙasa in motar na da su, don suna haska kwalta ta ƙarƙashi. Na biyu gudu. A gudun kilomita 80 a awa mota na cin mita 22 duk daƙiƙa. Kafin ka gani ka taka birki ka ci mita 30 da wani abu, birkin kansa ya ƙara kusan haka, jimla wajen 70, a ƙaramar mota da busasshiyar kwalta kenan. In iya ganinka mita 50 ne, ka riga ka shiga. A 40 kuwa ƙasa da mita 30 ta ishe ka. Mai lodi ya ƙara nasa lissafin. Na uku bin jar wutar na gaba dab da dab, in ya faɗa rami tare za ku. In abin ya gagara, a sauka daga kwalta gaba ɗaya, a kunna sigina biyu, ba a tsaya a kan hanya ba.

Gilashi in ya yi gumi ta ciki, esi za ka kunna ka juya iskar kan gilashin, ka buɗe shigar iskar waje, don esi na tsotse danshi. A ƙura kuwa kar a kunna waifa a bushe, karce gilashi take yi.

Mambilla_Boy: A kwanar dutse a ƙara da hon, a sauke gilashi a saurara.

Tsohon_Hasumiya: Jirgi ma lissafin nisan gani ne. Da na'urar sauka ta ILS mataki na ɗaya, matuƙi na saukowa zuwa mita 60 daga ƙasa, in bai ga fitilun titi ba dole ya sake tashi, kuma ana bukatar ganin mita 550 a kan titin. Mataki na biyu da na uku suna yarda da ƙasa da haka, amma sai filin da jirgin da matuƙin duk suna da shaidar hakan. Haɗarin jirgi mafi muni a tarihi ma a ƙasa ya faru cikin hazo: a tsibirin Tenerife na ƙasar Sifen, 27 ga Maris 1977, Boeing 747 biyu suka yi karo a kan titi, mutum 583 suka rasu. Ba hazon kaɗai ba ne, akwai rashin fahimta a rediyo, amma da suna ganin juna da labari ya sha bamban.

Manomin_Bokkos: A gona damuwar daban ce. Hazo da raɓa na barin ganye jiƙe har hantsi, kuma cutar da ke ƙone ganyen dankalin turawa da tumatir abin da take so kenan: sanyi-sanyi, danshi sama da kashi 90, awa goma ko fiye, kwana biyu a jere. In an ga haka, feshin rigakafi irin mankozeb kafin tabo ya fito ake yi, bayan ya fito ba ya warkarwa. Kar a fesa ganye na ɗiga, maganin zai zurare. A ba da tazara tsakanin kunya don iska ta ratsa.

Injiniya_Ruwa: Wasu kuma girbarsa suke yi. A Chile an kafa raga a tsaunin El Tofo, daga 1992 ta riƙa ba ƙauyen Chungungo ruwa, kusan lita 3 a rana daga kowace murabba'in mita ta raga. A Maroko ƙungiyar Dar Si Hmad na yin haka a dutsen Boutmezguida kusa da Sidi Ifni. Ragar tana tsaye ne a gicciye da hanyar iska, ɗigo ya maƙale, ya haɗu, ya gangara cikin indararo. Na Chile ɗin daga baya ya lalace saboda rashin kula.

Ɗan_Fadama: To mu me ya hana mu kafa a fadama?

Injiniya_Ruwa: Hazon fadama ba ya tafiya, ba iskar da za ta tura shi cikin raga, kuma awa biyu ya watse. Sai irin na tsauni ko na gaɓar teku. Inda muke da na tsauni kuma, lokacin da yake zuwa ruwan sama ya wadata. A hunturu da ake neman ruwan, ƙura kawai ragar za ta tara.

Ummu_Sadiya: Mu koma kan matakin raɓa. Wanda ba shi da na'ura ta yaya zai san gobe za a yi hazo?

MalamNaYanayi: Kofin silba, ruwa, ƙanƙara da ma'aunin zafi. Bayan magariba a fita waje, a zuba ruwa rabin kofi, a riƙa jefa ƙanƙara kaɗan-kaɗan ana motsawa. Da zarar bayan kofin ya fara dushewa, a karanta zafin ruwan. Shi ne matakin raɓa. In tazararsa da zafin iska bai wuce digiri 2 ko 3 ba, ga taurari tar, ga iska kaɗan, a sa rai. Mai waya kuma ya duba danshi: a cire shi daga 100, a raba da 5, a cire sakamakon daga zafin iska. Zafi 26, danshi 80, ya ba da 22. Amma wannan lissafin ba ya aiki in danshi ya gaza kashi 50.

Malama_Kimiyya: A kula kar a yi numfashi a kan kofin, danshin baki zai sa ya yi gumi da wuri a sami lamba ta ƙarya. Kofin roba kuma ba ya yi, ba ya isar da sanyin waje da sauri.

Bazazzagi77: Ni dai har yanzu ina ganin a bar wa na ruwa hazo, a kira na hunturu buda, a huta.

BaDamagare: Sai ka fara shawo kan gidajen rediyo, su da kullum "hazo ya hana jirage sauka a Kano" suke cewa a Janairu. Malama, in an gwada kofin nan a hunturu fa?

Malama_Kimiyya: Ruwan ƙanƙara ba ya sauka ƙasa da sifili, matakin raɓa kuma a ranar buda sosai yana iya zama ƙasa da haka, don haka kofin zai iya tsayawa a bushe har ƙanƙarar ta narke. Sai an barbaɗa gishiri cokali biyu a kan ƙanƙarar, sanyin ya ƙara sauka, sannan a ga farin abu ya kama bayan kofin, shi ma daskararre.